Mudu Ɗaya Ga Likitocin Jarirai: Daga Briketeri Har Bakin Iyaka

Barkanmu da sake saduwa a shafin da muke taƙaita muku abin da aka tattauna a filinmu na lafiya. Gaisuwa ga makiyayan da ke ruga, da direbobin da ke dakon shanu, da fataken da ke kai da komo tsakanin Mubi da Garwa, da Gamboru da Fotokol, da Kusiri da Njamena. Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa na unguwar Briketeri a Yawunde, inda yawancinku kuke sauka in kun kawo kaya Kudu.

Maganar wannan mako a kan jariri ce, da kuma wanda aka horar don ya duba shi. Kada ka ce wannan zancen 'yan boko ne. Bari mu kawo misali. A ce kana zaune a Briketeri da iyalinka, maiɗakinka ta haihu cikin wata bakwai, aka kwantar da bakwainin mako uku a asibiti, aka sallame ku. Bayan suna ta ce za ta je gida wankan jego, gidan kuwa yana Mubi ko Maiduguri. Can yaron ya soma ƙin mama. Likitan da za ku tarar a can, shin abin da ya karanta daidai yake da na wanda ya sallame ku a Yawunde? Zai gane takardar da aka rubuta da Faransanci? Maganin da aka fara, zai san inda aka tsaya? To, wannan ita ce tambayar da ta sa likitocin duniya suke ƙoƙarin yin mudu ɗaya wajen horar da masu kula da jarirai.

Wane ne likitan jarirai?

Da farko mu rarrabe. Akwai likita na kowa da kowa, wanda ya gama makarantar likitanci. A Kamaru karatun nan shekara 7 ne, a Najeriya shekara 6 da ƙarin shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Bayan wannan, wasu sukan koma su ƙware a kan yara, su zama likitocin yara. Daga cikin likitocin yaran kuma wasu sukan sake komawa su ƙware a kan abu ɗaya tak: jariri daga ranar haihuwa zuwa kwana 28. Wannan shi muke kira likitan jarirai.

Za ka ce, kwana 28 kacal har sai an yi masa likita na musamman? Kai makiyayi ka fi kowa sanin amsa. Maraƙin da aka haifa jiya ba a yi masa kiwon da ake yi wa bijimi. In bai sha dakashi ba, ko sanyi ya kama shi a daren farko, ka san abin da ke biyo baya. Haka ɗan Adam. Huhunsa bai gama ƙwari ba, hantarsa ba ta iya tace komai ba, jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi. Maganinsa ma da nauyinsa ake aunawa, ɗigo kaɗan ya yi yawa sai ya zama guba.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya sani. A shekarar 2022, jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya kafin su cika kwana 28. Kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi a makon farko yake aukuwa, wato kafin a yanka ragon suna. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 28 ba sa wuce watan farko. Irin wannan bincike a Najeriya a shekarar ya ba da 39. Ƙasashen duniya kuwa sun yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 za su sauko da adadin zuwa 12 ko ƙasa da haka. Kun ga akwai sauran tafiya.

Abubuwa uku ne suka fi cin ran jarirai: haihuwa kafin lokaci, rashin numfashi a lokacin haihuwa, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini. Dukkansu akwai abin yi a kansu, in an samu wanda ya san aikin a kan lokaci.

Me ya sa sai mudu ɗaya?

Kai ɗan kasuwa, ka san wahalar da ake sha in tiyar wannan kasuwa ta bambanta da ta waccan. Sai an yi ta gardama kafin a daidaita. A ciniki asarar kuɗi ce. A ɗakin jarirai asarar rai ce, ko ta ido, ko ta ƙwaƙwalwa.

Ga abin da ya taɓa faruwa. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950, asibitocin Amurka da Turai sun riƙa ɗura wa bakwaini iskar oksijin ba awo, suna ganin alheri suke yi. Yara dubbai suka makance. Sai daga baya bincike ya gano cewa yawan iskar ne ke lalata jijiyoyin idon bakwaini. Shahararren mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, da aka haifa bakwaini a 1950, ta haka ya rasa ganinsa. Daga nan aka koyi darasi: iskar nan magani ce, dole a auna ta, kuma dole kowane mai kula da jariri ya san awon, ko a ina ya yi karatu.

Ku makiyaya kuna da naku misalin. Dattawa suna tuna bushiya, cutar da ta riƙa share garke sukutum. A 1962 aka fara gangamin allura na haɗin gwiwa a ƙasashen tafkin Cadi, wato Kamaru, Cadi, Nijar da Najeriya, da allura iri ɗaya da tsari iri ɗaya, saboda saniya ba ta san iyaka ba. An sha faɗi-tashi, cutar ta sake dawowa a shekarun 1980, amma a 2011 aka yi shelar cewa babu ita a duniya baki ɗaya. Da kowace ƙasa ta yi nata daban, da har yau ana fama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda ake horarwa a wurare daban-daban

Fannin nan ba tsoho ba ne. Kwalbar da ake sa bakwaini a ciki, wani likitan Faransa mai suna Tarnier ne ya kawo ta asibitin haihuwa na Paris wajen 1880, bayan ya ga akwatin ƙyanƙyasar ƙwan kaji. Kun ji, daga kiwo aka aro dabarar. A 1952 wata likita a Amurka, Virginia Apgar, ta fito da awon da ake yi wa jariri a minti na farko da na biyar bayan haihuwa: a duba numfashi, bugun zuciya, launin jiki, ƙarfin gaɓoɓi da yadda yake motsawa in an taɓa shi, a ba shi maki daga 0 zuwa 10. Yau ko a Yawunde ko a Kano ko a Landan, in aka rubuta Apgar 8, kowane likita ya san abin da ake nufi. Wannan shi ne mudu ɗaya a aikace.

A Amurka, wanda zai zama likitan jarirai sai ya yi shekara 3 yana koyon aikin yara, sannan wasu shekara 3 a kan jarirai kaɗai. A Turai kowace ƙasa da nata tsarin, wata ta tsawaita, wata ta gajarta, alhali likita yana iya barin ƙasarsa ya je aiki maƙwabciya. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocinsu suka zauna suka rubuta kundi ɗaya na abin da dole likitan jarirai ya sani kuma ya iya, aka amince da sabon kundin a 2021.

Mu nan gida, gado biyu muka ci. Ƙasashen da Faransa ta rena suna bin tsarinsu: likita ya yi shekara 4 a jami'a da asibitin koyarwa, ya samu takardar ƙwarewa a fannin yara. Akwai hukumar CAMES, da aka kafa a Yamai a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke duba daidaiton takardun jami'o'i da ƙarin girman malamai a ƙasashe irin su Kamaru, Cadi da Nijar. Ƙasashen da Ingila ta rena kuwa suna da kwalejoji masu shirya jarrabawa: Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1976, da kwalejin ƙwararrun likitoci ta Najeriya da aka kafa a 1979. Hukumar lafiya ta ƙungiyar ECOWAS ta yi aikin daidaita manhajojin ɓangarorin biyu don takardar wannan ta yi daidai da ta wancan. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana ƙungiyar Afirka ta Tsakiya, ga ta kuma da harsunan gwamnati biyu. Ka ga ke nan iyakar da kake tsallakawa da shanunka, ita ce kuma iyakar tsarin karatu biyu.

A Yawunde, makarantar likitanci ta Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, wadda aka fara a 1969 da sunan CUSS, ita ce uwa wajen yaye likitoci. Masu koyon aikin yara suna zagayawa manyan asibitocin birnin, ciki har da cibiyar uwa da yaro ta Gidauniyar Chantal Biya da ke kusa da Babban Asibiti, ba nisa da Briketeri, da asibitin mata da yara na Ngousso da aka buɗe a 2002.

Me ake koya musu?

Duk inda aka rubuta irin wannan kundi, ba ya rasa waɗannan: yadda ake farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba, yadda ake riƙe ɗumin jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ciyar da bakwainin da bai iya tsotso ba ta ƙaramin kofi ko ta siririn tiyo, auna iskar oksijin, gane shawara da sa yaro ƙarƙashin shuɗiyar fitila kafin ta taɓa ƙwaƙwalwa, zaɓen maganin ƙwayoyin cuta da awonsa, wanke hannu da tsabtar ɗaki, ɗaukar jariri mara lafiya daga wannan asibiti zuwa wancan ba tare da ya huce a hanya ba. Akwai kuma abin da ba a cika zato ba: yadda ake yi wa iyaye magana, a gaya musu gaskiya cikin mutunci, a saurari tambayarsu.

Kuma ba a tsaya ga jarrabawar takarda ba. Ana so a ga hannun mutum. Mai koyo yana da littafin da ake rubuta sau nawa ya yi kowane aiki a gaban malaminsa, sai malamin ya gamsu zai sa hannu. Kamar yaron da kake koya wa kiwo ne: ba ka sakar masa garke don ya haddace sunayen shanu, sai ka ga yadda ya yi da saniya mai naƙuda.

Amma likitan jarirai ba ya zuwa ruga

Wannan gaskiya ce. Ƙwararrun nan kaɗan ne, kuma yawancinsu suna manyan birane irin su Yawunde da Duwala, Kano da Zariya. Matar da ta haihu a mashekari ko a ƙauyen bakin iyaka, ungozoma za ta gani, ko ma'aikacin ƙaramin asibiti. To ina amfanin kundin gare ta?

Amfanin shi ne, abin da aka daidaita a sama shi ake taƙaitawa a koyar a ƙasa. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu, suka fito da wani gajeren horo mai suna Taimaka wa Jarirai Su Yi Numfashi. Ginshiƙinsa shi ne minti na farko, wanda suka kira minti na zinariya: a tsane jariri, a goga bayansa, in bai yi numfashi ba a hura masa iska da 'yar jakar roba kafin minti ɗaya ya cika. Ba ya bukatar lantarki. Da aka gwada shi a asibitoci 8 na Tanzaniya, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kusan rabi.

Na biyu shi ne goyon ƙirji, wanda ake kira goyon kangaru. A 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, kwalabe suka yi wa wani asibiti kaɗan, sai likita Edgar Rey ya sa iyaye mata su ɗaura bakwaininsu a ƙirji, fata da fata, dare da rana. Yaran suka samu ɗumi, suka samu mama a kusa. Asibitin Laquintinie na Duwala yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki a Kamaru. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, ya nuna cewa fara goyon nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawara ga kowace ƙasa. Matanmu sun iya goyo tun kaka da kakanni, bambancin kawai a gaba ake yin wannan, ba riga tsakani, da hula a kan yaro. Uba ma yana iya karɓa uwa ta huta. Babu abin kunya a ciki, malam.

Inda gizo ke saƙa

Kada mu yi muku romon baka. Daidaita takardu yana da nasa kuɗin fansa. In takardar likita ta zama karɓaɓɓiya a ko'ina, hanyar tafiya Faransa ko Ingila ko Kanada ta ƙara sauƙi, kuma da ma muna kukan likitocinmu suna tafiya. Sannan kundin da aka rubuta don asibitin da wuta ba ta ɗaukewa ba zai zauna daram a inda ake haɗa kuɗin man janareta ba. Likitan da zai yi aiki a Marwa ko Mubi dole ya san zazzaɓin cizon sauro a jikin mai ciki, da cutar sarƙe haƙora da ke shiga ta cibiya, da yadda ake aiki in kwalba ɗaya ce jarirai uku. Shi ya sa likitocin Afirka suka kafa ƙungiyarsu ta masu kula da jarirai, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da ƙananan jarirai da marasa lafiya waɗanda kowace ƙasa za ta daidaita da halinta. Mudun ɗaya ne, amma kowa da irin hatsin da yake aunawa.

Naka aikin

Kai maigida, ke uwargida, ga abin da ke hannunku.

Na ɗaya, awon ciki, da allurar rigakafin sarƙe haƙora ga mai ciki. A jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru akwai tsarin cekin lafiya na jaka shida, wanda ya ƙunshi awo, haihuwa da kula da uwa da jariri har kwana 42. Ku tambaya a asibitin da ke kusa da ku. In za ka tafi fatauci ko mashekari kuma cikin ya tsufa, ka bar kuɗin mota da izini tun kafin ka tafi. Kada mace ta zauna da naƙuda tana jiran a same ka a waya.

Na biyu, a sa jariri a mama cikin awa ɗaya. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko, kamar dai na maraƙi. Ba ruwa, ba madarar shanu ko ta akuya, ba jiƙo, har wata 6. A jinkirta wankan farko zuwa awa 24, a tsane shi kawai a rufe.

Na uku, cibiya. Ban da kashin shanu, toka, man goge baki ko tsumma mai zafi. A bar ta a bushe da tsabta, ko a shafa maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, kuma kada ya kusanci ido. Ban da ajiye kayan jariri da kafur, yana jawo wa wasu yara shawara mai tsanani. Maganar cire beli kuma, da girmamawa ga wanzamanmu, aska a maƙogwaron ɗan kwana uku tana iya jawo zubar jini da shigar cuta, likitoci sun hana.

Na huɗu, ku haddace alamomin haɗari. Jariri ya ƙi mama. Yana jijjiga. Numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa. Jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau. Ba ya motsi sai an taɓa shi. Ya yi ɗorawa tun ranar farko, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa. Cibiya ta yi ja tana ruwa. In kun ga ko da ɗaya, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da ba a yi suna ba. A hanya a ɗaura shi a ƙirjin uwa, a rufe su tare, musamman a kan babur.

Na biyar, takarda. Yadda ba ka tsallaka iyaka da shanu ba tare da takardar allura ba, haka kada ka tsallaka da jariri ba tare da katinsa ba. Kafin a sallame ku, ka roƙi a rubuta nauyinsa na haihuwa, makonnin cikin, ciwon da aka gano, sunan magani da awonsa, da ranar dawowa. Ka ɗauki hoton takardar a waya. Lambobi da sunayen magunguna kusan iri ɗaya ne a Faransanci da Ingilishi, likitan can zai gane. In bakwaini ne, ka tambayi likita ko yaron ya isa doguwar tafiya, jirgin ƙasa na Ngawundare da motar da ke biye ba wasa ba ne ga wanda bai kai kilo 2.5 ba. In ya ce a dakata, a dakata, wankan jego ana iya yin sa a Briketeri.

Kuma kada ka ji nauyin tambaya. Kana da ikon ka ce: wane ne ke duba yarona, me ke damunsa, me wannan allura take yi? Wanda aka horar da kyau ba ya jin haushin wannan, yana cikin abin da aka koya masa. In harshe ne matsala, ka nemi ɗan unguwa mai jin Faransanci ya raka ka.

Nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfar mai shayi, a kara, a tasha. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake saduwa.